Wace Beyar Za A Harbe? Nazarin Manufofin Rage Yawan Beyar a Romaniya da Japan

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda gwamnatoci ke amsa hare-haren beyar a kan mutane, musamman dabarar ƙayyade adadin da za a harbe kowace shekara. An ɗauki Romaniya a matsayin babban misali, aka gwada ta da Japan, sannan aka leƙa Italiya da Arewacin Amurka inda buƙata ta kama. Matsayar da aka kare ita ce, harbi yana cikin magani, amma amfaninsa ya rataya ne a kan abu uku: wace dabba aka harba, wa ya harbe ta, da kuma ko an kawar da abin da ya jawo ta cikin gari tun farko.

Gabatarwa

Ranar 9 ga Yuli, 2024, beyar ta kashe wata budurwa 'yar shekara 19 a kan turbar masu hawan dutse a tsaunukan Bucegi na ƙasar Romaniya. Majalisar dokoki tana hutu a lokacin, amma aka kira ta zaman gaggawa, kuma ranar 15 ga watan ta amince a harbe beyar 481 a shekarar, a sake harbe kamar haka a 2025. Adadin 2023 kuwa 220 ne. Ƙudurin ya daɗe a gaban majalisar yana jiran lokaci. Mutuwar yarinyar ce ta fito da shi cikin kwana shida. Ita kuwa beyar da ta yi kisan, tun a wurin aka bindige ta.

Sulobakiya ta bi sahu a watan Afrilun 2025. Bayan an tsinci gawar wani mutum mai shekara 59 a dajin da ke kusa da Detva, gwamnatin Robert Fico ta ba da izinin harbe beyar 350 daga cikin kimanin 1,300 da ƙasar ke da su, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu.

Ba mu da beyar a dazuzzukanmu, amma tambayar da ke ƙarƙashin waɗannan dokoki ba baƙuwa ba ce ga manomin da giwayen Yankari suka kwana a gonarsa: dabbar da doka ke karewa ta yi wa talaka ɓarna, me hukuma za ta yi? Beyar ta zama misali mai kyau na nazari saboda an daɗe ana rubuta alƙalumanta, kuma ƙasashe da dama sun gwada hanyoyi mabambanta a kanta. Ga wanda bai san ta ba, dabba ce mai gashi da ƙarfi, namijinta a Turai kan wuce kilo 200. Tana cin nama, amma mafi yawan abincinta ganye ne da 'ya'yan itace da ƙwari da zuma. Tana kwanciya dogon barci a hunturu, don haka a kaka ba ta da aiki sai neman abin da zai sa ta yi kitse. Hancinta ya fi na kare kaifi, kuma inda duk ta taɓa samun abinci ba ta mantawa. Wannan hali na ƙarshe shi ne tushen kusan duk abin da za a tattauna a nan.

Romaniya: matsalar ƙidaya

In aka cire Rasha, babu ƙasar Turai da ta kai Romaniya yawan beyar. Tarihin yawan nasu yana da ban mamaki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kimanin 1,000 suka rage a duwatsun Karfatiya. A zamanin Nicolae Ceausescu farautar beyar ta zama ta shugaba da 'yan majalisarsa kaɗai. Ma'aikatan gandun daji suna zuba wa dabbobin abinci don su yi ƙiba, shi kuma ya zo ya harba daga rumfar da aka gina masa. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 sun kusa 8,000. Wato dai kama-karya ce ta raya su, ta kuma koya musu cin abinci daga hannun mutum.

Bayan faɗuwar gwamnatinsa a 1989, farautar ta koma kasuwa. Attajirai daga ƙasashen waje suna biyan dubban Yuro don fata da ƙoƙon kan babban namiji. A nan ne ƙidaya ta samu matsala. Ƙungiyoyin da ke riƙe da gandun farauta su ne ke ƙirga dabbobin, kuma daga ƙidayarsu ake fitar da kason da za a ba su. Yadda ake ƙidayar shi ne, mai gadin daji ya fita bayan dusar ƙanƙara ta sauka, ya bi sawu, ya auna faɗin tafin da ma'auni, ya rubuta. Beyar guda tana iya ratsa gandu uku a dare ɗaya, ta bar sawu a kowanne, kowane mai gadi kuma ya rubuta ta a littafinsa. Wani bincike da Viorel Popescu da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ya nuna cewa saurin ƙaruwar da ake bayar da rahotonsa a wasu lardunan ya zarce abin da haihuwar beyar za ta iya bayarwa, kuma abin ya fi tsanani a inda farautar ta fi kawo kuɗi. A watan Oktoba na shekarar gwamnati ta dakatar da farautar kuɗi.

Masu rajin kare dabbobi sun ɗauki wannan bincike a matsayin hujjar cewa ana zuzuta yawan beyar. Sai ga shi a watan Afrilun 2025 ma'aikatar muhalli ta fitar da sakamakon farko na ƙidayar ƙwayoyin halitta, wadda aka yi da samfuran kashi da gashi fiye da 24,000: tsakanin beyar 10,419 da 12,770. Ya zarce 8,000 da ake faɗa a baya, ya kuma ninka 4,000 da ma'aikatar ke cewa shi ne daidai da ƙasar kusan sau uku. Adalci ya sa a faɗa cewa makiyayan lardunan Harghita da Covasna da suka yi shekaru suna kukan dabbobin sun yi yawa ba ƙarya suke yi ba. Alƙaluman ma'aikatar na 2024 sun ce mutum 26 ne suka mutu, 274 suka ji munanan raunuka cikin shekara 20. Wani nazarin hare-haren beyar a duniya tsakanin 2000 da 2015, wanda Giulia Bombieri ta jagoranta, ya ƙirga 664, kuma 131 daga ciki a Romaniya suka auku, fiye da kowace ƙasa a Turai. Duk mai cewa babu matsala bai kwana a ruga ba.

An bar jaki ana dukan taiki

Sai dai a duba yadda aka kasa 481 ɗin nan. Guda 426 na "rigakafi" ne, waɗanda ake raba wa masu gandun farauta. Guda 55 kacal aka ware don dabbar da aka tabbatar tana ɓarna. A ganina wannan rabon ya juya lamarin kai a ƙasa, kuma dalilin yana cikin halayyar dabbar kanta.

Babban namijin beyar yakan mamaye tsakiyar daji inda abinci ya fi yawa, kuma yakan kashe 'ya'yan da ba nasa ba don uwar ta sake neman namiji. Saboda haka uwa mai 'ya'ya da matasan da aka yaye su ne suka fi raɓar ƙauyuka, domin nan ne babban ba ya son zuwa. Binciken da aka yi a Suwidin ya nuna haka. A nazarin Bombieri ma, kusan rabin hare-haren na uwa ce mai kare 'ya'yanta. To shi mai biyan kuɗin farauta ba uwa yake so ba, ba kuma matashiyar da ke tonon bola a bayan otal ba. Babba yake so, kuma babban yana can cikin ƙungurmin daji bai taɓa kowa ba. Ko doka ta gindaya sharuɗɗa, kuɗin na wajen babba, kuma ido na bin inda kuɗi yake. Ƙari a kan haka, Jon Swenson da abokansa sun nuna tun 1997 cewa idan aka kashe babban namijin yanki, mutuwar jarirai kan ƙaru, saboda baƙon da ya gaje wurin yakan bi 'ya'yan wanda ya gada.

Abin da ya faru a lardin Covasna a watan Maris na 2021 ya isa misali. An ba da izinin harbe wata macen beyar da ke addabar gonakin ƙauyen Ojdula. Wanda aka kashe kuwa wani ƙaton namiji ne mai kimanin shekara 17 da ake kira Arthur, wanda ke zaune cikin daji. Ƙungiyar kare muhalli ta Agent Green ta zargi wani yarima daga gidan sarautar Liechtenstein da harbin. A takarda, beyar ɗaya ta ragu. Manoman da suka kai ƙara kuwa, tasu ta tsira da ranta.

Sannan akwai abin da ke jawo dabbar. A titin Transfagarasan, wanda ya ratsa duwatsun Fagaras, beyar kan zauna a bakin kwalta ta jingina da shingen ƙarfe tana jiran mota. Direba ya rage gudu, a sauke gilashi, a jefo tuffa ko burodi, a ɗauki hoto don Facebook. Doka ta hana, akwai tara, amma ana yi kullum, kuma 'ya'yan da ke bayan uwar suna kallo suna koyo. A watan Yulin 2025 beyar ta kashe wani ɗan Italiya mai babur a wannan titi. Tun kafin nan, unguwar Racadau ta birnin Brasov ta yi suna da beyar masu cin shara, har 'yan yawon buɗe ido kan ɗauki tasi da dare su je kallo. In an harbe wadda ke bakin titi yau, aka bar burodin da bolar, wata za ta gaje gurbin kafin kaka ta fita.

Garin Baile Tusnad, wani ƙaramin wurin shaƙatawa a Harghita, ya bi wata hanyar. Hukumar garin tare da ƙungiyar kare muhalli ta WWF da masana na yankin sun sa mazuban shara na ƙarfe masu sakata da dabba ba ta iya buɗewa, suka kewaye gidaje da wayar lantarki, suka rage itatuwan marmari na cikin gari, suka kafa tawagar da ke fita da zarar an kira. An kuma cire 'yan ƙalilan ɗin da suka riga suka ƙi koruwa. Ƙorafin ɓarna ya faɗi warwas bayan 2021. Gari ne ƙarami, kuma abin da ya yiwu a can zai yi wuya a rugar da ke kan tsauni, amma darasinsa a bayyane yake.

Abin da bincike ya nuna a Arewacin Amurka

A gandun Yellowstone, daga 1931 zuwa 1969, beyar kan ji wa mutum 48 rauni a shekara in an daidaita. A farkon lokacin har kujeru ake jerawa a bakin juji don baƙi su kalli dabbobin suna cin shara. Da aka rufe jujin a wajen 1970 aka kuma hana ciyarwa, raunukan suka yi ta raguwa har suka koma kusan ɗaya a shekara. Sai dai an biya farashi: dabbobin da suka saba da juji sun bazu cikin sansanonin baƙi, aka kashe da yawa, har a 1975 aka sa nau'in beyar da ake kira girizili cikin masu fuskantar barazana. Rufe bola ma yana zuwa da harbi a shekarun farko, kuma mai tsara manufa ya kamata ya faɗa wa jama'a haka.

A garin Durango na jihar Kolorado an yi gwaji na gaske: aka raba mazuban shara masu makulli sama da 1,000 a wasu unguwanni, aka bar wasu, rikicin shara ya ragu da kashi 60 cikin ɗari a inda aka raba. A Ontariyo ta Kanada kuwa, inda aka soke farautar bazara a 1999 aka dawo da ita daga baya, nazari biyu sun kasa gano cewa ƙarin farauta ya rage ƙorafi. Abin da ya fi tasiri shi ne ko 'ya'yan itacen daji sun yi kyau a shekarar. Jihar Minesota ta Amurka ce ke ba masu goyon bayan kisa hujja: a can an rage yawan dabbobin da kusan rabi, ƙorafi kuma ya ragu. Wato farauta tana aiki idan ta yi yawan da za ta karya adadin gaba ɗaya. Beyar 481 daga cikin sama da 10,000 ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba. Wannan bai isa ya karya komai ba, kuma a Tarayyar Turai dokar kare muhallin halittu ta 1992 ba ta barin a yi irin na Minesota, domin ta sa beyar cikin dabbobin da ba a taɓawa sai babu wata mafita. Kason Romaniya ya tsaya a tsakiya: ya yi kaɗan ga rage yawa, ya kuma yi nisa da dabbar da ke ɓarna.

Kada a ɗauka jinkirin harbi shi ne tausayi. A lardin Trentino na Italiya an kawo beyar 10 daga Sulobeniya tsakanin 1999 da 2002, suka hayayyafa zuwa kimanin 100. Wata macen beyar mai lamba JJ4 ta ji wa wani mutum da ɗansa rauni a 2020. Hukuma ta ba da umarnin kashe ta, kotu ta hana. A watan Afrilun 2023 ita ce ta kashe wani saurayi ɗan shekara 26 da ya fita gudu. Ko bayan nan aka ci gaba da shari'a, har aka ƙare da kai ta wani killataccen wuri a Jamus a 2025. An ceci dabba ɗaya, amma mutanen kwarin da suka yarda aka kawo musu beyar sun juya wa sauran baya.

Japan: an samu izini, an rasa maharbi

Japan ta sha bamban, kuma ita ce ta fi gwada matsayar wannan maƙala. A shekarar kuɗi ta 2023 beyar ta taɓa mutum 219, shida suka mutu, duk da cewa an kama ko an kashe sama da 9,000 a shekarar. Zuwa Nuwamban 2025 mamatan shekarar sun kai 13, abin da ba a taɓa gani ba. A nan ba 'yan yawon buɗe ido ne tushen ba. Ƙauyuka ne suka tsufa. Matasa sun tafi birni, gonakin da ke tsakanin daji da gida, waɗanda a da ake sassabewa ana yin itace, sun koma kurmi. Itatuwan marmari suna nan a ƙofar gidajen da babu kowa, 'ya'yansu na nuna suna zuba. Shekarar da itatuwan tsauni suka ƙi 'ya'ya, kamar 2023 da 2025 a arewa maso gabas, dabbar kan biyo kurmin nan har bakin makaranta. A ƙarshen 2024 wata ta yi kusan kwana biyu cikin wani babban kanti a birnin Akita.

Yawan ma ya ƙaru. Tsibirin Hokkaido ya yi farautar bazara ta rage yawa daga 1966 zuwa 1990, aka daina da aka ga dabbar na neman ƙarewa a wasu yankuna. Daga kimanin 5,200 a 1990 suka kai wajen 11,700 a 2020. Ƙasa guda ce kuma beyar ta ƙare ƙaf a tsibirin Kyushu, a Shikoku saura kimanin ashirin. Manufa ɗaya ba za ta dace da tsibiran nan duka ba. A lardunan Akita da Iwate da Hokkaido, ina ganin rage yawa a kewayen garuruwa ya zama dole, kuma gwamnati ta yi daidai da ta sa beyar cikin dabbobin da ake tallafa wa rage su a Afrilun 2024, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da umarnin harbi cikin gari daga Satumban 2025.

To amma wa zai riƙe bindigar? Masu lasisin farauta sun haura 500,000 a shekarun 1970. Yanzu wajen 200,000 ne, kuma fiye da rabinsu sun wuce shekara 60. 'Yan sa-kai ne, da motarsu da harsashinsu. A 2024 maharban garin Naie suka ƙi fita saboda ladan yini Yen 8,500 ne, ga dabbar da ke iya cire wa mutum fuska da mari ɗaya. A Sunagawa, wani maharbi ya harbe beyar a 2018 bisa roƙon hukumar gari, daga baya aka ƙwace masa izinin bindiga wai akwai gidaje a bayan inda ya saita, kuma babbar kotun Sapporo ta tabbatar da ƙwacen a 2024. Sauran maharba sun ji, sun kuma ja baya. Da abin ya ci tura a Nuwamban 2025 aka tura sojoji Akita, amma ba don harbi ba: aikinsu ɗaukar tarkon keji da jigilar gawarwakin dabbobi. 'Yan sanda aka ba izinin amfani da manyan bindigogi daga tsakiyar watan, mutanen da ba su taɓa bin sawun beyar ba.

Gwama ƙasashen biyu yana nuna wani abu da muhawarar "a kashe ko a bari" ke ɓoyewa. Romaniya tana da maharba, amma kuɗi na karkata su ga dabbar da ba ita ake nema ba. Japan ta san wadda take nema, ta rasa mai zuwa. Abin da dukansu ke buƙata ma'aikaci ne mai albashi, wanda ya san dajin yankinsa, wanda ba ya samun ƙari don dabbar ta fi girma, wanda kuma doka za ta tsaya masa in ya yi harbi bisa umarni. Romaniya ta fara wannan a 2021 da dokar gaggawa da ta kafa tawagar magajin gari da likitan dabbobi da jandarma da maharbi, bisa matakai uku: kora, allurar barci da sauya wuri, sannan kisa. Tsari ne mai kyau, sai dai an ɗora shi a kan ƙananan hukumomin da da yawansu ba su da mota ko keji, balle likitan da zai fita ƙarfe biyun dare. Japan kuwa ta mai da hankali kan ɗaukar maharban gwamnati ne bayan mutane da dama sun mutu.

Abin da ya rage a auna

Dokar Romaniya ta 2024 dama ce ta bincike in an so. Kowace beyar da aka harba tana da jinsi da shekaru da wurin da ta faɗi, kuma tun da an tattara ƙwayoyin halittar dubbai, ana iya gwada gawar da gashin da aka tsinta a jikin shingen garke ko amyar zumar da aka fasa. Da za a wallafa wannan lardi-lardi, a jera shi da yawan kiran gaggawa, wanda ya kai kimanin 7,500 a 2023, da takardun neman diyya, cikin shekara uku za a san ko guda 426 ɗin nan suna taɓa masu ɓarna. Sharaɗin kawai shi ne kada mai tattara bayanan ya zama shi ne mai sayar da izinin farautar, domin wannan kuskuren ne ya ɓata ƙidayar sawu kafin 2016.